Wankan Jego a Antakiya

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk Juma'a in mun haɗu a gidan Hajiya Mairo a unguwar Shifa, kafin in cire takalmi an fara: Gwaggo Hansatu, yaya ƙasar Turkawa? Da gaske ƙanƙara ke zuba daga sama? Me suke ci? Sun karɓe ki? Ni kuwa kun san ba na son maimaita magana. Shi ya sa na zaunar da Malama Asabe, tunda ita ta yi boko ni ban yi ba, na ce ta riƙe biro, in faɗa ta rubuta, sau ɗaya tak. Na kuma ja mata kunne kada ta yi wa maganata kwalliya. Wadda ta sake tambayata, takarda zan miƙa mata.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, daga Jibiya muka zo Riyad da marigayi maigidana, shi yana tuƙi, ni ina girki a gidan wata Balarabiya. Har yau a gidan nake, su ne kafilaina, masu riƙe da takardun zamana. A nan na haifi 'yata. Ita ce ta fari, ita kaɗai kuma Allah ya bar mini. Ba za ku ji sunanta a bakina ba, haka aka rene mu. Da a gida ne, kakarta ce za ta ɗauke ta ta goya, ni in kau da kai. A nan babu kaka babu gwaggo, dole na goya ta da kaina, amma bakina bai saki ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuwa ta tashi cikin 'ya'yan Larabawa, tana ganin uwa na rungume 'yarta a ƙofar makaranta tana sumbatarta. Larabcinta ya fi Hausarta nisa.

Mijinta Yusuf wanzami ne, amma irin na nan, mai almakashi da madubi, ko cire belu bai iya ba. Shagonsa a ƙasan layinmu yake a da. Mutumin Antakiya ne, wani gari a kudancin Turkiyya dab da iyakar Siriya, inda da yawansu da Larabci suke tashi a gida. Ban so auren ba. Ba don yaron na da aibu ba, na bincika ban samu ba. Na dai san ranar da zai koma ƙasarsu da ita zai tafi. Haka kuwa aka yi, da tsufa ya kama mahaifinsa.

To, ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Abu ɗaya na je yi: in yi mata wankan jego, kwana arba'in, safe da yamma, da hannuna.

Tun daga takarda abin ya fara karkacewa. Haihuwar ta zo da wuri, biza ba ta fito ba, da ta fito kuma kwana talatin suka ba ni. Uwar ɗakina ta sa aka yi mini takardar fita da dawowa tana ta mita, wai wa zai yi musu kabsa, dafa-dukarsu ta shinkafa da nama. Na ce yunwa ba ta kashe su kafin in zo ba. Ban yi boko ba amma na iya ƙirga kwana. Zan isa ranar shida da haihuwa, in baro ranar talatin da biyar. Kwana biyar ba ni. Na ce a raina, in na je na san yadda zan yi.

Na ɗaure gero da kanwa ungurnu da yajin jego da daddawa. Wani Ɗan Maraɗi mai kula da lambu a wajen Dira ya saro mini rassan darbejiya ɗanyu, na naɗe su cikin jiƙaƙƙen zane, domin ba a wankan jego da hannu sake, da ganye ake watsa ruwan.

A Istanbul suka buɗe jakata. Ma'aikacin kwastan ya ɗago dunƙulen kanwa yana juyawa, ya kira wani, wannan ya kira mai kare. Karen ya dumfari jakar da sallayata ke ciki. Na ce da Larabci, wallahi in ya taɓa sai kun wanke sau bakwai. Wani Basiriye da ke bayana ya fassara musu, ban san me ya ƙara ba, na dai ga suna danne dariya. Suka ce mece ce wannan farar aba. Na ɓantari kanwar na lasa a gabansu, na miƙa wa babbansu na ce shi ma ya lasa. Ya lasa, ya yamutse fuska, ya mayar mini da abata. Amma darbejiya suka ce ɗanyen ganye ba ya shiga ƙasarsu. Ina kallo aka jefa ta cikin kwandon shara, da zanen da komai. Ban yi kuka ba. Na ce a ba ni zanena, suka ba ni.

Jirgi na biyu ya kamata ya sauke mu a Antakiya. Muna sama aka yi sanarwa da Turkanci, mutane suka hau gunaguni. Tsohuwar da ke kusa da ni ta ce mini da Larabcinsu mai tauna baƙi, filin jirgin garin a gurbin wani tafki aka gina shi, tafkin da aka janye wa ruwa aka mai da gonaki. In ruwan sama ya yi yawa sai ruwa ya dawo neman wurinsa. A Adana aka sauke mu, aka zuba mu a bas.

A cikin bas ɗin ma'aikacin motar ya bi kujera-kujera da kwalba yana tsiyaya wa mutane wani ruwa a tafin hannu. Na tara nawa, na zaci na wanke hannu ne za a kawo abinci. Sai ƙamshin lemun tsami ya bugi hancina, hannu ya yi sanyi ƙalau. Na goge a jikin kujera. Daga baya na gane duk gidan da ka shiga a ƙasar da wannan turaren ake tarbarka, har gidan makoki. Muka hau wani dutse, hazo ya rufe hanya, ba ka ganin motar gabanka, direba kuwa yana shan shayi da hannu ɗaya. Duk abin da na haddace sai da na karanta. Da muka gangaro sai ga fili shimfiɗe, kore shar, ruwa kwance a gonaki. Shekara ashirin da wani abu rabona da in ga ƙasa ta ƙoshi da ruwa haka. Na tuna fadamar garinmu a watan takwas, na kau da kai daga tagar.

Yusuf na jira a tasha da lema. Kafin in ankara ya cafki hannuna ya sumbata ya ɗora a goshinsa. Na fizge.

"Kai, lafiya?"

"Hajja, haka muke gai da manya."

"A wurinmu suruki daga nesa yake durƙusawa. Ɗauki jaka."

Gidansu a tsohon gari yake, cikin wasu lunguna na dutse da mota ba ta shiga, ruwan sama na gudu a tsakiyar hanya ta wata 'yar kwata. Ƙofa ƙarama, amma in ka shiga sai tsakar gida, da bishiyar lemu ta yi 'ya'ya har ƙasa. A wani lungu na hangi wata ƙatuwar tukunyar tagulla a kife. Idona ya tsaya a kanta, na ce alhamdulillahi, ga tukunyar wanka.

Uwar Yusuf ta fito. Ummu Yusuf suke ce mata. Gajera ce, mai jiki, muryarta ta fi ta girma. Ta rungume ni ta sumbace ni dama da hagu, ina tsaye kamar itace. Ta ja ni ɗakin mai jego, inda wata murhun ƙarfe mai bututu ke ci, an jera ɓawon lemu a kanta don ƙamshi. Yarinyar nan na kwance, an ɗaura mata jan ƙyalle a ka. Ta rame. Ta yunƙura ta ce, "Inna," ta buɗe hannuwa. Ni kuwa a gaban surukai? Na ce, "Sannu. Kin ci abinci?" Na ga hannuwan sun koma kan bargo a hankali. Ummu Yusuf ta dube ni, ta dube ta, ta je ta zauna a bakin gadon tana shafa mata kai tana kiran sunanta, tana cewa 'yata, 'yata.

Jaririn namiji ne. Ba su jira kwana bakwai ba, tun a asibiti suka raɗa masa suna, sunan marigayi suka sa masa. Suna biyu ke nan a gidan da bakina ba ya kamawa. Na ɗauke shi na ce, "Maigida, ka dawo ke nan, amma ka yi fari da yawa, ni ba na so." Wannan kam ya halatta mini, na sumbace shi son raina. Aka ba ni wani jan abin sha mai zafi, da kirfa da kanumfari, wai duk wanda ya zo barka sai ya sha. Zaƙi kamar an narka buhun sukari.

Washegari da sassafe na fito na ɗaga tukunyar nan. Ummu Yusuf ta fito da gudu. Ashe tukunyar sabulunta ce, a cikinta take dafa man 'ya'yan wata bishiya da suke kira gar, tana yin sabulu kore mai ƙamshi, duk unguwar a wurinta ake saye. Na yi mata bayanin abin da zan yi. Ta dafe ƙirji.

"Tafasasshen ruwa? Ki dafa mini suruka? A wannan sanyin ki fito da ita? A'a, ya Hajja. Mu mai jego ba ta taka ƙofa sai ta yi arba'in. Ko ɗakin ba a barinta ita kaɗai."

"Ni ma ban ce ta je kasuwa ba. Sanyi ya shiga jikin mai jego, ba ya fita har ta tsufa."

"Shi ya sa muka rufe ta!"

"Rufewa ba ta fitar da abin da ke ciki."

Ana cikin haka na ga gishiri a kwano kusa da bahon jariri. Na tambaya, ta ce za a shafe shi da shi ne, don kada ya yi warin gumi in ya girma. Na ce ke da kike tsoron in dafa babba, kina shirin yi wa ƙarami kilishi? Muka ɗaga murya. Yusuf ya leƙo, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce yana da masu aski. Sai muka ji murya daga ɗaki, da Larabci, ba da Hausa ba: "Inna, don Allah ki bari. A nan ba a yi."

Na mayar da tukunyar na kife ta yadda na same ta.

Kwana uku ina zaune a gidan nan kamar baƙuwar da ta zo cin abinci. Ruwa kuwa bai ɗauke ba. Ku da kuka saba da Riyad, inda in aka yi yayyafi yara ke fita da waya suna ɗauka, ba za ku gane ba. Can ruwa yakan wuni ya kwana ya sake wuni, ba tsawa ba iska, bango ya jiƙe, zanen da ka shanya ya kwana uku bai bushe ba. Ƙanƙarar da kuke tambaya a kan duwatsu kawai na hango ta, ba ta sauko gari ba. Suna cewa da bazara akwai wata iska da ke tasowa daga teku kullum da la'asar, har bishiyoyin bakin hanya duk sun karkata gefe ɗaya. Wannan na gani da idona.

Abincinsu ba laifi. Da safe zaitun iri-iri, da cuku, da wani ɗanyen ganye mai ƙamshi da suke kwaɓawa da ruwan rumman mai tsami. Suna son barkono, nan na ba su maki, sukan niƙa shi su shanya a rufin ɗaki ya zama jan ƙulli. Amma mutanen da za su sa cuku a cikin alkaki su zuba masa ruwan sukari, su ci da zafinsa yana ja kamar igiya, ban san me zan ce musu ba. Kunafa ce, akwai ta a nan Riyad, amma sun ce tasu ce ta asali. Na ci sau huɗu don in tabbatar ba na so.

Rana ta uku Abu Yusuf, mahaifin yaron, ya ga zaman ya ishe ni. Tsoho ne dogo mai sanda, kafinta ne a da. Ya ce in zo ya nuna mini garinsu, matarsa ta haɗa mu da wata ƙanwarsa. Muka tsaya a kan gadar kogin da ya raba garin biyu, ruwan ja wur saboda damina. Ya ce daga Siriya yake shigowa, ya zaga, ya faɗa teku. Ya ce garin nan ya girmi Musulunci da nisa, akwai lokacin da sarakunan Rumawa ke ji da shi, yanzu kuwa in manomi ya zurfafa garma sai ya tono daɓen gidajensu. Ya ce mahaifinsa a ƙarƙashin Faransawa ya yi ƙuruciya, yana ganin garin ya zama na Turkiyya ba tare da ya matsa daga ƙofar gidansu ba. Ya ce girgizar ƙasa ta sha kwantar da garin, a sake ɗaga shi a kan na da.

Na ce, "To me ya zaunar da ku?"

Ya ce, "Ke me ya zaunar da ke a Riyad?"

Muka sauka daga gadar.

Ya kai mu wani tsohon masallaci, ya ce a ƙarƙashinsa kabarin mutumin nan yake, wanda malamai ke cewa shi ne a cikin Yasin, da ya taho da gudu daga ƙarshen birni yana yi wa mutanensa nasiha suka kashe shi. Shekara nawa ina jin surar nan, ban taɓa kawowa gari ne mai lungu da masu sayar da tumatir ba. Na yi raka'a biyu. Muna fitowa na ji ƙararrawa, na ce mene ne, ya ce coci ne, a bayan bangon can. Mai shagon da ya saye mana shayi ma Kirista ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ya nuna mini wata ƙofa ya ce wurin ibadar Yahudawa ne, saura 'yan tsofaffi kaɗan. Su kansu Musulmin iri biyu ne, kowa ya san na wane ne, amma gidan biredi ɗaya suke kai tirensu na nama a gasa musu. Na sa ido sosai in ga inda za a harari wani, a 'yan kwanakina dai ban kama ba. Ni ce ma aka fi kallo. Wasu mata suka nemi hoto da ni, na ce ni ba dutsen tarihi ba ce.

A gidan biredin na haɗu da wata Basiriya, sa'ata, cikin waɗanda yaƙi ya koro, sun cika garin a lokacin. Ta ji Larabcina ta ce daga ina, na ce na zo wurin 'yata ta haihu. Ta ce tata tana can ƙetaren iyaka, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu a mota ba, ita ma ciki gare ta lokacin da suka rabu, ba ta san me ta haifa ba. Ta ce, "Ki riƙe ta da kyau." Na karɓi biredina na fito.

Da la'asar ɗin nan muna kicin da Ummu Yusuf muna fasa zaitun da dutse. Can ta ajiye dutsenta.

"Ya Hajja, zan tambaye ki, kada ki ji haushi. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Kwana huɗu kina gidan nan ban ji kin kira sunanta ba. Ba ki taɓa ta ba. Da tana da ciki nan ta zauna tana kuka, ta ce ita ba ta san ko uwarta na sonta ba."

Malama, rubuta wannan yadda na faɗa. Na ji kamar an ɗora mini tukunyar nan a ƙirji. Na ajiye nawa dutsen. Sannan na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har ku. Na ce mu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, kunya ce, ba ƙi ba ne. Na ce ranar da na haifi yarinyar nan, a wani ɗaki muke a saman rufi a Riyad, uwata na Jibiya, babu mai zuwa. Ni na riƙa dafa ruwa a bokiti da abin lantarki, ina watsa wa kaina da tsumma, bayana ba na isa gare shi. Kwana arba'in ina yi ina kallonta a kan katifa. A nan na yi wa Allah alkawari, in ya raya mini ita, ba za ta yi jego bayanta a bushe ba. Na ce ke kina da baki, kina da sumba. Ni wannan ruwan kaɗai gare ni.

Ummu Yusuf ta ɗauki dutsenta. Ta ja majina, ta ci gaba da fasa zaitun, tana fasawa da ƙarfi har ƙwallo na tsalle.

Da na fito alwalar asuba na ga wuta a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Tukunyar sabulu na kai, an wanke ta tas. Abu Yusuf na tsaye da wani ƙaton dami na rassa, ganye kore mai kauri, ashe tun jiya matarsa ta tura a saro daga ƙauyensu na kan dutse. Ganyen gar ne. Na murza ɗaya na shinshina. Ba darbejiya ba ce, ba ta da ɗacin nan, amma reshen na da ƙarfi, zai ɗauki ruwa.

Ummu Yusuf ta ce, "Da sharaɗi. Ni zan sa gwiwar hannuna a ruwan. In na ƙone, ba a yi."

Na ce, "Ni ma da sharaɗi. Gishirin Maigida, ɗan tsunkule a ruwan wanka, ba shafawa ba."

Muka kai ruwan banɗaki, tururi ya cika shi har ba ma ganin juna. Yarinyar nan ta shigo tana ɗari-ɗari, ta zauna a kujerar katako ta ba ni baya. Rabona da bayan nan tun tana 'yar shekara tara. Ga tabon da ta samu da ta faɗo daga matakalar rufi, yana nan inda na bar shi. Na tsoma ganye na watsa. Ta yi ƙara ta ce, "Inna, zafi!" Da Hausa. Na ce, "Yi shiru, ba a mutuwa." Na watsa, na watsa, na gasa mata ƙugu da kafaɗu da tawul. Can na ji jikin ya saki. Ta jingina kanta da gwiwata, ruwa na zuba, ban san ko na tukunya ne kaɗai ba. Ban ture ta ba. A banɗaki babu surukai.

Daga ranar, safe da yamma. Kunun kanwa ma na dama, sai dai likitarta ta ce a rage kanwar ƙwarai saboda zuciya, na rage ina mita. Abu Yusuf ya fi mai jegon sha. Na sa Yusuf ya je ya tambayo ko za a ƙara mini kwana biyar, ya yi yawo ofis biyu ya dawo ya ce babu hanya, in na wuce kuma wataƙila ba za a sake ba ni izinin shigowa ba. Na dubi Maigida, na ce ba zan sayar da zuwa na gaba saboda kwana biyar ba.

Saura mako in tafi na miƙa wa Ummu Yusuf ganyen na ce ta gwada. Hannunta laushi, kamar mai korar ƙuda.

"Ba shafa za ki yi ba, watsawa za ki yi. Daga ƙugu zuwa sama."

"Tausayi take ba ni!"

"Ajiye tausayin a waje tare da takalminki."

Yarinyar nan na zaune tsakaninmu tana dariya har da riƙe ciki. Ita ma Ummu Yusuf ta ja ni nata aikin. Su ranar arba'in sukan tsinto ƙananan duwatsu arba'in, a wanke, a zuba a ruwan wankan uwa da ɗa. Na ce wannan ba addini ba ne. Ta ce ganyenki fa, a wace sura yake? Muka je bakin wani rafi a bayan gari, muka tsinta tare, ita ashirin ni ashirin, ta ce don hannuna ya kasance a cikin ruwan ranar.

Ranar tafiya na yi wa yarinyar nan na safe, na ƙara ruwa fiye da kullum. A ƙofar ɗaki ta rungume ni a gaban kowa. Ban ɗaga hannu ba, amma ban ja da baya ba. Na ce, "Ki riƙa rufe kanki." Yusuf ya kai ni filin jirgi, ruwan ya janye. Da zai yi sallama ya tsaya nesa ya durƙusa har ƙasa, mutane na kallonsa. Na miƙa masa hannu na ce, "Ungo, yi irin naku, amma sau ɗaya."

Na dawo Riyad na tarar da tukwane sun yi baƙi, uwar ɗakina ta ce na yi ƙiba. Sama fayau, ko gajimare ɗaya babu. A jakata na sami sabulu kore guda shida da wani ƙullin ganyen gar da ban san lokacin da aka cusa ba, kwastan ɗin nan kuwa ba su ko duba ba. Kwana huɗu ina farkawa kafin kiran salla, hannuna na neman tukunya.

Ranar arba'in, bayan na idar da asuba, na ɗora babbar tukunyar kabsa na cika ta da ruwa na jefa ganyen. Ba don komai ba. Tururi ya tashi, kicin ɗin Larabawa ya koma tsakar gidan nan mai bishiyar lemu. Ina tsaye a kai waya ta yi ƙara. Ummu Yusuf ce ta fara cika mini kunne, wai an gama, duwatsu arba'in cif, ba ta tsallake ko wanka ɗaya ba, gwiwar hannunta ta yi ja. Sannan ta miƙa mata.

"Inna."

"Na'am. An yi miki da kyau?"

"Ta yi ƙoƙari. Amma ruwanta ba ya zafi." Sannan ta ce da Hausarta mai karkata, "Bayana yana neman hannunki."

Na ce, "Kanki a rufe yake?"

Ta ce a rufe yake. Na ce to madalla, a shafa mini kan Maigida. Na kashe wayar, na kashe gas. Na zauna a gaban tukunyar har ruwan ya huce, sannan na zubar na ɗora shayin mutanen gida.

Ga Turkiyyar da kuke tambaya, iyakar abin da na gani ke nan. Sabulun saura biyar, kuma kada wadda ta roƙe ni.

Malama, kafin ki rufe biron. Takardar nan za ki ɗauki hotonta ki tura wa yarinyar nan, ta sa a karanta mata in Hausar ta gagare ta. Ki bar ɗan fili a ƙasa, ki rubuta sunanta shi kaɗai. Kin san shi. Ni dai ba daga bakina ba, amma ki rubuta shi da kyau, ta san ni na ce a sa.

Rabi'atu.